Ciwon ƙoda a jikin yara

Ciwon ƙoda shi ne duk wata larura da ke hana ƙoda yin aikinta na tace jini, da fitar da datti ta fitsari, da daidaita ruwa da gishiri a jiki. Ƙoda tana da hannu a daidaita bugun jini, da ƙarfin ƙashi, da samar da jajayen ƙwayoyin jini, shi ya sa yaron da ƙodarsa ta daɗe da rauni yakan tsumbure, ya kuma yi fama da ƙarancin jini.

A wurin manya, ciwon suga da hawan jini ne ke kan gaba wajen lalata ƙoda. Na yara daban yake. Mafi yawan ciwon da ke daɗe musu daga halitta ne: a haifi yaro da ƙodar da ba ta gama ginuwa ba, ko hanyar fitsari a toshe. Akwai wani toshewa da ke samun jarirai maza kaɗai, inda wata 'yar fata ke tare mafitar mafitsara, fitsari ya riƙa komawa baya yana danne ƙoda. Hoton ciki kan nuna shi tun kafin haihuwa.

Wanda iyaye suka fi gani da ido shi ne ciwon nefrotik, mai yawan kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6. Ƙoda ce ke zubar da furotin cikin fitsari, sai yaro ya tashi da safe idanu a kumbure, fitsari yana kumfa, daga baya ƙafafu da ciki su biyo. Abin takaici, sau da yawa akan ɗauki kumburin a matsayin ƙiba ko tamowa, alhali gwajin fitsari na 'yan mintoci ya isa ya ba da haske. Da yawa cikin yaran suna samun sauƙi da maganin prednisolone, ko da yake ciwon kan dawo.

Wani nau'in yakan biyo bayan ciwon maƙogwaro ko ƙurajen fata da 'yan makonni, fitsari ya yi duhu kamar ruwan shayi, jini ya hau.

Ƙoda kuma tana iya tsayawa farat ɗaya saboda gudawa mai tsanani, ko zazzaɓin cizon sauro da ya yi ƙamari, ko guba. A 2022 yara kusan 70 suka rasu a Gambiya bayan sun sha maganin tari na ruwa mai ɗauke da sinadarai masu guba, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a watan Oktoba na shekarar. Cutar sikila ma tana cin ƙoda a hankali. Sai kansar ƙoda da ake kira da sunan likitan Jamus Max Wilms, wadda ta fi kama 'yan ƙasa da shekara 5. Kusan 9 cikin 10 na warkewa inda ake da cikakken magani.

Likitoci sun kasa daɗaɗɗen ciwon ƙoda mataki 5. A na ƙarshe sai wankin ƙoda, ko dai da na'ura ko ta fatar cikin ciki, na biyun kuwa shi ya fi dacewa da ƙananan yara. Dashen ƙoda ya fi wanki amfani ga yaro nesa ba kusa ba, domin yana ba shi damar girma da zuwa makaranta, amma zai ci gaba da shan magungunan da ke hana jiki ƙin sabuwar ƙodar.