Fasfon Poland: Inda Yake Wucewa Ba Biza da Inda Ake Tare Shi

Mai fasfon Poland ya huta da yawancin layukan ofisoshin jakadanci, wannan ba gardama. Sai dai "ba a bukatar biza" ba ya nufin ɗauki jaka ka tafi. Sau da yawa abin da ke hana mutum hawa jirgi a Warsaw ko Kraków ƙaramin abu ne: izinin intanet da bai cike ba, ko fasfon da saura wata huɗu ya ƙare.

Ɗan Poland na bukatar fasfo in zai zaga cikin Turai?

A'a. Poland ta shiga Tarayyar Turai ranar 1 ga Mayu 2004, ta kuma shiga yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da suka soke binciken iyaka a tsakaninsu, ranar 21 ga Disamba 2007. Katin shaidar ɗan ƙasa, wanda suke kira dowód osobisty, ya ishe shi shiga kowace ƙasa ta Tarayyar, har da Ireland wadda ba ta cikin Shengen, da kuma Norway, Switzerland da Iceland. Zai iya zama wata uku ba wanda zai tambaye shi dalili. In zai wuce haka sai ya yi rajista a ƙasar, ya nuna yana aiki, ko yana karatu, ko yana da abin riƙe kansa da inshorar lafiya.

Kurakurai uku ne ke maimaita kansu. Katin shaidar da ke cikin manhajar mObywatel a waya yana aiki a cikin Poland, amma ba a ketare iyaka da shi, sai katin roba na hannu. Lasisin tuƙi ma ba takardar tafiya ba ce. Na uku, kowane yaro, ko jaririn wata biyu ne, dole ya zama yana da nasa katin ko fasfon. Kada kuma a ce ai babu shinge a Shengen: Jamus ta dawo da binciken iyakarta da Poland a Oktoban 2023, ita ma Poland ta soma nata a iyakokin Jamus da Lithuania ranar 7 ga Yuli 2025.

Wanda ke zaune a Poland da katin zama, shi ma ya samu wannan sauƙin?

Nan ne ɗalibai da ma'aikata baƙi suka fi ruɗewa. Katin zama, karta pobytu, ba shaidar zama ɗan ƙasa ba ce. Ɗan Najeriya ko ɗan Nijar da ke riƙe da shi zai iya ziyartar sauran ƙasashen Shengen na kwana 90 cikin kowane kwana 180, da fasfonsa na gida a hannu, kuma wannan bai ba shi damar kama aiki a Jamus ko Faransa ba. Amurka, Birtaniya, Kanada da Ireland kuwa fasfon ƙasarsa suke dubawa, don haka biza na nan a kansa. Auren ɗan Poland ko 'yar Poland shi kaɗai bai sauya launin fasfo ba.

Amurka fa? An ce an cire wa 'yan Poland biza.

An cire, tun ranar 11 ga Nuwamba 2019. Abin da ya maye gurbinta shi ne ESTA, izinin da ake nema ta intanet kafin tafiya. Yana aiki shekara biyu, ko zuwa ranar da fasfon zai ƙare in ita ta riga zuwa. Kuɗinsa ya tashi daga dala 21 zuwa 40 a ƙarshen Satumban 2025. Ana so a nema aƙalla awa 72 kafin tashi, kuma sai da fasfo mai ɗauke da guntun na'urar bayanai.

Sharuɗɗan suna da tsauri. Kwana 90 ne iyaka, don yawon buɗe ido ko ganawar kasuwanci, ban da aikin albashi. Tsallakawa Kanada ko Mexico na kwana uku a dawo ba ya sabunta lissafin. Wanda ya zarce ko da kwana ɗaya ya rasa wannan gatan, nan gaba sai biza.

Akwai kuma waɗanda tun farko ba su cancanta ba. Duk wanda ya taka Iran, Iraƙi, Siriya, Sudan, Libiya, Somaliya, Yemen ko Koriya ta Arewa daga 1 ga Maris 2011, ko Cuba daga 12 ga Janairu 2021, ba zai samu ESTA ba, in ban da 'yan keɓantattun lamura kamar aikin gwamnati ko na soja. Wato ɗan Poland da ya je gaishe da dangi a Khartoum a 2015, ko wanda ke da takardar zama ɗan Sudan haɗe da ta Poland, sai ya nemi biza a ofishin jakadancin Amurka na Warsaw ko ƙaramin ofishinsu na Kraków. Ɓoye wannan a fom ya fi faɗin gaskiyar tsada, domin ƙarya ga jami'an shige da fice na iya jawo haramcin shiga na dindindin.

Me ya sauya a Birtaniya?

Abu biyu. Daga 1 ga Oktoba 2021 an daina karɓar katin shaida daga baƙi, sai fasfo. Daga 2 ga Afrilu 2025 kuma sai da izinin ETA da ake nema ta intanet, wanda aka sa kuɗinsa fam 16 a cikin watan. Yana aiki shekara biyu, ana zama har wata shida a kowace ziyara, kuma kowane yaro sai an nema masa nasa. 'Yan Poland da suka samu izinin zama a can bayan ficewar ƙasar daga Tarayyar Turai ba sa bukatarsa.

Izinin yana manne ne da lambar fasfo. Ka sabunta fasfo, tsohon ETA ya mutu, haka ma ESTA. Kuskuren harafi ɗaya, kamar rubuta sifili a gurbin harafin O, ya isa kwamfutar kamfanin jirgi ta ce ba ta san ka ba. A yi hattara kuma da shafukan 'yan tsakiya masu kama da na gwamnati, waɗanda ke ninka kuɗin.

Sauran ƙasashen nesa fa?

Kanada: ba biza, amma mai zuwa ta jirgin sama na bukatar eTA, dala 7 na Kanada, shekara biyar. Ostireliya: bizar eVisitor ta intanet, kyauta, wata uku a kowace shiga. Japan: kwana 90. Turkiyya ta cire biza a Maris 2020. Sin ta buɗe ƙofa a Yulin 2024 da kwana 15, daga baya ta mai da shi 30, amma rangwame ne na wucin gadi da ake sabuntawa, don haka a duba kafin a sayi tikiti. Indiya na nan da bizarta ta intanet.

Fasfona bai ƙare ba, don me za a hana ni jirgi?

Saboda ƙasashe da dama, kamar Masar, Thailand, Kenya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, suna so ya zama saura wata shida aƙalla. Turkiyya kwana 150 take nema daga ranar shiga. Ma'aikacin da ke teburin awon kaya yana duba wannan a rumbun bayanai na Timatic, kuma ba ya sassauci, domin in aka mayar da fasinja kamfaninsa ne zai biya tara ya kuma kwaso shi. Shafi da ya yage ko bangon da ya ɓalle ma na iya jawo haka.

Fasfon babba shekara 10 yake yi, na yaro ƙasa da shekara 12 kuma 5. Ana nema a ofishin gwamnan kowane lardi, kuɗin babba zloti 140, aikin kan ɗauki har kwana 30. Na yaro sai iyaye biyu sun amince, abin da kan zama ƙarfen ƙafa idan uba yana wata ƙasa.

Idan zai zo Najeriya, Nijar ko Ghana?

Duka ukun sai da biza, kuma duka suna neman katin rigakafin cutar shawara. Katin ba ya soma aiki sai kwana 10 bayan allura, daga nan kuma har ƙarshen rayuwa. Najeriya ta koma tsarin biza ta intanet daga 1 ga Mayu 2025 a madadin wadda ake bugawa a filin jirgi, tana kuma da ofishin jakadanci a Warsaw.

Mai ƙasa biyu, kamar Poland da Najeriya, ya tafi da fasfo biyu. Dokar Poland ɗan Poland kawai take kallonsa, don haka da takardar Poland zai fita, da ita zai koma. A Kano ko Abuja sai ya miƙa fasfon Najeriya, ya wuce ba biza. In na Najeriyar ya ƙare, ya sabunta tun kafin tafiya.

Umara da Hajji?

'Yan Poland na cikin waɗanda Saudiyya ke ba bizar yawon buɗe ido ta intanet tun 2019, kuma ana yin Umara da ita a wajen lokacin Hajji. Ba a yin Hajji da ita. Ta Hajji ta dandalin intanet na Nusuk ake nema.

In fasfo ya ɓace a hanya fa?

A kai rahoto ga 'yan sanda, a karɓi takarda, a nufi ofishin jakadancin Poland mafi kusa da hoto, a nemi fasfon wucin gadi. Inda Poland ba ta da ofishi, kamar Yamai, ofishin jakadancin kowace ƙasa ta Tarayyar Turai zai iya ba shi takardar gaggawa ta komawa gida. Hoton shafin fasfo a waya na gaggauta aikin sosai, haka ma rajistar tafiya a tsarin Odyseusz na ma'aikatar harkokin waje.

Fasfon wucin gadi ba shi da guntun na'urar bayanai, saboda haka ESTA ba ta hawa kansa. Wanda tikitinsa na komawa ya biyo ta New York ko Chicago, ko da canjin jirgi kawai zai yi, sai ya sauya hanya ko ya nemi biza.