Ma'anar PPG: kujerar majinyaci a asibitin unguwa na Ingila

Duk wanda ya taɓa zaman jiran likita a Ingila, da wuya bai ci karo da wata 'yar takarda a jikin allon sanarwa ba, tsakanin tallar rigakafin mura da gargaɗin kada a ci zarafin ma'aikata, ɗauke da haruffa uku: PPG. Yawancinmu kallonta muke yi mu wuce. Ni kaina na daɗe ina zaton ƙungiya ce ta masu fama da wata cuta, irin ta masu ciwon suga ko hawan jini. Ashe ba haka ba ne.

Haruffan gajarta sunan Turanci ne, Patient Participation Group. Ƙungiya ce ta mutanen da ke da rajista a wani asibitin unguwa, waɗanda kan zauna lokaci-lokaci da likitoci da manajan wurin, su faɗi abin da ke tafiya daidai da abin da ya karkace, sannan su taya neman gyara. Zan riƙa ce mata ƙungiyar majinyata, ko da yake sunan bai zauna daram ba, domin ba sai kana kwance ake karɓarka ba. Lafiyarka ƙalau, muddin sunanka na cikin rajistar asibitin, kana da kujera. Haka ma mai jinyar wani, kamar 'yar da ke kai mahaifiyarta ganin likita.

Ba a gane ƙungiyar sai an gane gidan da take ciki. A Ingila mutum ba ya tashi ya nufi babban asibiti don kansa na ciwo. Kowa yana da likitan unguwa, wanda suke kira GP, shi ne ƙofar farko. Shi ke duba ka, shi ke rubuta magani, shi ne kuma ke tura ka wurin ƙwararre idan abin ya fi ƙarfinsa. Wurin da yake zama suna ce masa surgery, kalmar da ke rikita baƙo, don yana jinta sai tiyata ta faɗo masa a rai. Ba a yin babbar fiɗa a nan. Ɗakunan duba marasa lafiya ne 'yan kaɗan, da ɗakin nas, da teburin karɓar baƙi, da benci na masu jira. Yin rajista kyauta ne, ganin likita ma kyauta ne.

Ga inda gizo ke saƙa. Lokacin da aka kafa hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, a ranar 5 ga Yulin 1948 ƙarƙashin minista Aneurin Bevan, likitocin unguwa ba su yarda sun zama ma'aikatan gwamnati masu albashi ba. Sun tsaya a matsayin 'yan kwangila, kuma har yau galibin waɗannan asibitoci mallakar likitoci ne da suka yi haɗin gwiwa, gwamnati na biyansu don su kula da mutanen da ke rajistarsu. Shi ya sa za ka tarar da asibiti biyu a titi ɗaya, wannan ka buga waya an ɗauka nan take, wancan ka kwana kana bugawa. Ƙarfe nawa za a buɗe layin waya, mutum nawa za su zauna a teburin gaba, guraben ganin likita nawa za a ware wa masu larurar gaggawa, akasarin irin wannan shawara a cikin ginin ake yanke ta, ba a Landan ba. Tunda kuwa a nan ake yanke ta, bakin mutanen unguwa na iya kaiwa.

Abin ba daga sama ya faro ba. Wasu likitoci ne 'yan ƙalilan suka soma shi don raɗin kansu. Wadda aka fi ambata a matsayin ta farko ita ce ta ƙauyen Berinsfield da ke yankin Oxfordshire, wadda Dakta Peter Pritchard ya kafa a 1972. Wasu suka biyo baya a Aberdare da ke Wales da kuma birnin Bristol, har a 1978 aka kafa uwar ƙungiya ta ƙasa da ake kira NAPP. Shekara da shekaru abin ya zauna a matsayin ganin dama, likitan da ke so ya yi, wanda ba ya so ya bari. A 2011 aka fara ba asibitocin da suka yi ƙarin kuɗi. Daga Afrilun 2015 kuma aka sa shi cikin kwangilar likitocin unguwa na Ingila, ya zama dole. Na ce Ingila da gangan, domin Scotland da Wales da Ireland ta Arewa kowacce da tsarin lafiyarta.

Tsakanin waɗannan shekaru akwai abin da ya girgiza ƙasar. A babban asibitin garin Stafford, daga wajen 2005 zuwa 2009, an yi sakaci da marasa lafiya na ban tausayi. Iyalai sun yi ta kuka ba mai sauraro, sai da wata mata, Julie Bailey, wadda mahaifiyarta ta rasu a can, ta tara masu irin damuwarta suka dage. Rahoton binciken lauya Robert Francis da ya fito a Fabrairun 2013 ya nuna, cikin sauran abubuwa, cewa an yi kunnen uwar shegu da koken majinyata da danginsu. Ba zan ce shi ya haifi dokar 2015 ba, amma daga nan babu jami'in da zai iya fitowa fili ya ce ra'ayin majinyaci ba ya cikin lissafi.

Abin da kwangilar ta nema a taƙaice yake: asibiti ya kafa ƙungiyar ya kuma raya ta, ya yi bakin ƙoƙarinsa ta yi kama da mutanen da ke rajistarsa, ya duba abin da ta kawo, ya yi ƙoƙarin aiwatar da gyaran da aka amince da shi. A lura da kalmar ƙoƙari. Ba a ce dole likita ya bi abin da ƙungiya ta ce ba. Ba ta ɗaukar ma'aikaci, ba ta korarsa, ba ta riƙe lalitar asibiti, membobinta kuma ko sisi ba a biyansu.

Ranar da na fara halartar ta asibitin unguwarmu, da yamma ne bayan an tashi aiki. An jawo kujerun ɗakin jira an yi da'ira da su, ga butar shayi da biskit a gefe. Ba mu kai goma sha biyu ba, kuma in ka cire ni da wata mata mai goyo, sauran duk furfura ce. Manajar asibitin ta zo da takardu a hannu, likita ɗaya ya leƙo a makare, abin sauraren ƙirji na rataye a wuyansa. Magana ta farko ita ce wadda ake yi a ko'ina a ƙasar: rububin ƙarfe takwas na safe. Ana buɗe layi kowa ya danna waya lokaci guda, ka ji na'ura na sanar da kai lambarka a layi, kafin a zo kanka an ce gurabe sun ƙare, sai gobe.

Wani dattijo ya ɗauko wani ƙaramin littafi daga aljihun kwat ɗinsa. Ashe mako biyu ya yi yana rubuta lokacin da ya buga da lokacin da aka ɗauka. Bai ɗaga murya ba, karantawa kawai ya yi. Mai goyon nan ta ce ita ƙarfe takwas tana hanyar kai babban ɗanta makaranta, da hannu ɗaya take tura keken jariri, da wane za ta riƙe waya rabin awa? Manajar ta yi shiru, sannan ta faɗi abin da ba mu sani ba: mutum biyu kacal ke ɗaukar waya da safe, ɗayarsu kuma ita ce ke karɓar waɗanda suka zo da ƙafa. Nan na ji kunyar irin harara da na sha yi wa matan teburin nan. Kura da shan bugu ne kawai, ba su suka tsara abin ba.

Ba a warware matsalar a daren ba. Abin da aka cimma ƙarami ne: a riƙa sakin wasu gurabe da rana maimakon a zubar da su duka da safe, a kuma rage dogon jawabin da na'ura ke yi kafin ta sada ka da mutum. A zama na gaba manajar ta dawo da bayanin abin da aka yi da wanda aka kasa da dalili. Wannan dawowar ita ce ma'aunin abin gaba ɗaya a wurina. Turawan suna da al'adar manna takarda mai gida biyu, gefe guda "kun ce", ɗaya gefen "mun yi". Idan gida na biyun ya daɗe fayau, to taron shan shayi ake yi.

Irin ayyukan da waɗannan ƙungiyoyi suka saba yi ba masu tashe ba ne. Su karanta wasiƙar da asibiti ke shirin aika wa jama'a su ce wannan Turancin likitoci ne, a sauƙaƙa. Su nuna cewa ƙofar shiga ta yi wa mai keken guragu nauyi, ko cewa duk abin da ka faɗa a teburin gaba na bayanka na ji. Su tsaya ranar rigakafin mura suna nuna wa tsofaffi hanya, ko su zauna da wanda bai iya manhajar NHS ba su koya masa neman magani ta waya. Wasu kan taya tunanin yadda za a rage masu karɓar lokaci su ƙi zuwa, wanda asara ce babba a wurin da ganin likita kan ɗauki minti goma kacal.

Akwai abubuwan da ake yawan haɗa ta da su alhali ba ɗaya ba ne. Ba wurin kai ƙara ba ce. In an yi maka ba daidai ba kai kanka, akwai hanyar koke daban: ka rubuta wa asibitin ko hukumar da ke ba shi kwangila, galibi cikin wata 12, in ba ka gamsu ba ka wuce ga ofishin mai sauraron koke na majalisa da harkar lafiya. A zaman ƙungiya ba a tattauna ciwon mutum ɗaya, saboda sirri. Haka kuma ba ita ce 'yar tambayar nan da ke shigowa waya bayan ka ga likita ba, wadda aka soma a asibitocin unguwa a Disambar 2014. Waccan ra'ayi take karɓa ta tafi. Wannan zama ake yi ido da ido, kana iya cewa a'a, ban gamsu ba, sake bayani. Ita kuwa hukumar CQC mai duba ingancin asibitoci, masu bincikenta kan nemi jin ta bakin 'yan ƙungiyar idan sun zo duba wuri, wanda hakan kaɗai ya isa ya sa manaja mai hankali ya riƙe su da mutunci.

To sai dai rauninta a fili yake, kuma na riga na nuna shi ba da niyya ba sa'ad da na ambaci furfura. Wa ke da sukunin zuwa taro a tsakiyar mako? Ɗan fansho mai ilimi, mai Turanci a baki, wanda bai jin nauyin yi wa likita gardama. Direban da ke aikin dare ba ya zuwa. Matar da sai da tafinta take ganin likita ba ta zuwa. Matasa ko labari ba su da shi. Su ne kuwa tsarin ya fi wahalarwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, gaskiya ne, amma in masu ɗakin sama kaɗai aka kira, yoyon ɗakin ƙasa ba zai shiga takarda ba. Wasu asibitocin sun gwada buɗe reshe ta imel ko taro ta bidiyo. Ya ɗan taimaka, sai dai shi ma ya bar wanda ba shi da intanet a waje.

Rauni na biyu ya fi wuyar gani. Tun a 1969 wata Ba'amurkiya, Sherry Arnstein, ta kwatanta shigar da jama'a cikin shawara da tsani mai matakala takwas, ta kuma sa sanarwa da tuntuɓa da lallashi a tsakiya, inda ta ce duk na jeka-na-yi-ka ne. Da yawan ƙungiyoyin majinyata a nan suke maƙale. Tunda doka ta ce a kafa, an kafa. Manaja ke tsara ajanda, shi ke jan zama, shi ke rubuta abin da aka tattauna, membobi kuma sun zama 'yan amshin shata, suna yaba wa likita suna gode masa. Ni dai in ana so in auna wata ƙungiya, abu biyu nake tambaya: wa ke shugabantar zaman, majinyaci ko ma'aikaci, kuma yaushe rabon da ta kawo maganar da asibitin bai so ji ba?

Adalci kuma shi ne a faɗi cewa akwai abin da ya fi ƙarfinta. Idan likitoci sun yi kaɗan, mutane sun yi yawa, ba shawarar da za ta haifo sabon likita. Iyakarta ta gyara yadda ake raba ɗan abin da ke akwai.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi ba zai ji abin baƙo sarai ba. Taron lafiya na duniya da aka yi a birnin Alma-Ata a 1978 ya ayyana cewa jama'a na da haƙƙin sa baki a tsara kula da lafiyarsu, shirin Bamako na 1987 kuma ya jawo al'umma cikin tafiyar da ƙananan asibitoci a ƙasashen Afirka. Daga wannan jijiya kwamitocin raya mazaɓu na Najeriya da kwamitocin tafiyar da asibitoci na Nijar da ake kira COGES suka samo tushe. Bambancin shi ne namu kan ginu a kan wakilci, mai unguwa da liman da shugabar mata su tsaya a madadin kowa, yayin da na Ingila kowa kansa yake wakilta, ba ya bukatar wani ya tsayar da shi.

Wannan ne ya sa nake ganin 'yan uwanmu mazauna Landan da Manchester da sauran garuruwa suna barin dama a ƙasa. A taron suna da na biki mun iya zayyana matsalolin: a ba mace likita mace in ta nema, a samar da tafinta maimakon a sa yaro ya fassara wa uwarsa ciwon da take jin kunyar faɗa, a yi wa masu ciwon suga bayani kan magani kafin azumi ya kama, a san sikila da yadda take tashi. Duk maganganu ne da za a iya ɗorawa a kan teburin nan mai butar shayi. Shiga ba ta da wuya. Ka tambayi matar teburin gaba ko ka duba shafin asibitin, za a ba ka 'yar takarda ka cike suna da hanyar da za a same ka, sai su sanar da kai ranar zama na gaba.