FOB: haruffa uku da ke nuna wanda asara za ta hau kansa

A watan Fabrairun 2025 ne haruffan nan uku suka fito daga ofisoshin ejan-ejan masu fito da kaya a tashar jiragen ruwa ta Apapa, a Legas, suka shiga bakin kowa. Hukumar Kwastam ta fara karɓar kashi 4 cikin 100 na darajar FOB a kan kayan da ake shigowa da su, bisa dokarta ta 2023. Masu masana'antu da 'yan kasuwa suka yi mata caa, ba a jima ba aka dakatar. Tun daga nan, daga Alaba har Agege, sai ka ji mutum yana cewa "sun ƙara kuɗin FOB", sai ka ce sunan wani haraji ne. Alhali ba haraji ba ne.

FOB, wato "Free On Board" a Turance, sharaɗi ne na ciniki tsakanin mai saye da mai sayarwa da ke ƙasashe daban-daban. Abin da yake nufi shi ne, mai sayarwa zai kai kaya tashar jirgin ruwan da aka ambata, ya kammala takardun fitarwa, ya tabbatar an ɗora su cikin jirgin da mai saye ya zaɓa. Da zarar kaya sun zauna a jirgi, ya sauke nauyi. Kuɗin dakon teku, inshora, kuɗin fito a can inda za a sauke, da duk wata asara da za ta biyo baya, sun koma wuyan mai saye. Idan aka ce "darajar FOB" kuwa, ana nufin kuɗin kaya har zuwa wannan gaɓa, kafin a haɗa da dako da inshora.

Shi ɗaya ne daga cikin sharuɗɗa 11 da ake kira Incoterms, waɗanda Ƙungiyar 'Yan Kasuwa ta Duniya, ICC, mai hedikwata a birnin Paris na Faransa take tsarawa. Ta fara fitar da su a 1936, tana sabunta su lokaci-lokaci. Na baya-bayan nan shi ne na 2020, kafin shi na 2010. Duk ɗalibin da ke karanta kasuwancin ƙasa da ƙasa a jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha sai ya ci karo da su, galibi a teburi guda mai layi-layi: daga EXW, inda mai saye ke zuwa ya kwashi kaya a ƙofar masana'anta, har zuwa DDP, inda mai sayarwa ke kawo su har gida ya biya kuɗin fito.

Tambayar da suke amsawa ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Mile 12 ta Legas da asuba. An loda kwandunan tumatir a Kano, mota ta lalace a Jebba, ta iso bayan kwana huɗu rabin kaya sun zama ruwa. Na wa ne asarar? Na manomi, na dillali, ko na wanda ya turo kuɗi daga Legas? Malaman fiƙihun Malikiyya ma sun daɗe da tattauna irin wannan, inda suka ce abin da ake sayarwa da awo ko sikeli yana wuyan mai sayarwa har sai an auna wa mai saye. Aikin Incoterms ke nan, sai dai a kan teku, tsakanin mutanen da ba su san juna ba, ba su da wani dattijon kasuwa da za su kai wa ƙara.

A ɗauki misalin wani Alhaji mai fitar da zoɓo. Ya sayo a Maigatari ta Jihar Jigawa, an tsince, an ɗure a buhuna, tirela ta kawo Legas, an cika kwantena. Mai saye yana Meziko, an yi ciniki FOB Apapa. Duk abin da ya faru daga Jigawa zuwa cikin jirgi na Alhaji ne: kuɗin mota, 'yan dako, takardar fitar da kaya ta NXP, binciken jami'ai, da ruwan saman da ya shiga kwantena tana jiran layi. Idan jirgi ya tashi, guguwa ta jefa kwantenar a teku kafin ya isa tashar Veracruz ta Meziko, mai saye ne ya yi asara, kuma dole ya biya Alhaji kuɗinsa cif. A da, kafin gyaran 2010, iyakar ita ce shingen gefen jirgi. Wato idan kaya na lilo a ƙugiyar injin ɗaga kaya igiya ta tsinke, sai an duba ta wane ɓangaren shingen suka faɗa. An cire wannan, yanzu sai kaya sun hau jirgi sosai.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne ɗan'uwansa CIF. A nan mai sayarwa ne ke biyan dakon jirgi da inshora har tashar da za a sauke. Mai shigo da kaya daga Sin ya ga "CIF Lagos" a takarda, sai hankalinsa ya kwanta, a zatonsa kaya na wuyan ɗan Sin har sai sun iso tashar Tin Can da ke Legas. Ina! Kuɗin dako ne kawai ya biyo kaya har Legas, haɗarin kuwa ya dawo kan mai saye tun ranar da aka loda a Ningbo ko Guangzhou, daidai da yadda yake a FOB. Idan kaya suka iso a jiƙe, kamfanin inshora za ka nema, ba wanda ya sayar maka ba. Inshorar da CIF ta wajabta kuma mafi ƙanƙanta ce: tana rufe kashi 110 cikin 100 na kuɗin kaya, amma a kan manyan haɗurra irin su gobara, nutsewa ko karon jirgi. Sata da jiƙewa na yau da kullum ba sa ciki sai an yi yarjejeniya ta musamman. A ganina wannan rabuwa tsakanin inda kuɗi ya tsaya da inda haɗari ya tsaya ita ce zuciyar darasin gaba ɗaya, kuma ita ce teburin nan mai layi-layi ya fi ɓoyewa.

A Najeriya akwai ƙarin wani abu. Doka ta ce kayan da za a shigo da su a yi musu inshora da kamfanin da ke da rajista a cikin ƙasa, shi ya sa banki ke neman takardar inshorar gida kafin a buɗe Form M, wato takardar shigo da kaya, kuma shi ya sa CFR, wato kuɗin kaya da dako ba inshora, ya fi yawa a takardun masu shigo da kaya. Kuɗin fito kuma a kan jimillar kaya da dako da inshora ake lissafa shi. A misali: kaya na dala 20,000, dako 3,000, inshora 200. Kashi 4 na FOB zai zama dala 800. Idan kuɗin fiton kayan kashi 20 ne, a kan 23,200 za a cire shi, ya kama 4,640. Wanda bai rarrabe waɗannan lambobi biyu ba, duk abin da ejan ya rubuta masa sai ya biya.

Akwai kuma wani abin da ko tsofaffin 'yan kasuwa ba su cika kula da shi ba. ICC da kanta ta ce FOB da CIF an yi su ne don kayan da ake zubawa kai tsaye cikin jirgi, kamar alkama, taki ko ɗanyen mai. Kayan kwantena FCA ya fi dacewa da su, inda nauyi ke sauka da zarar an miƙa kwantena ga kamfanin sufuri a wurin da aka ambata. Dalili a bayyane yake ga wanda ya san Apapa. Ka miƙa kwantena a tasha, ta fita daga hannunka, ba ka da ikon ko leƙa ta, tana iya yin kwana da kwanaki kafin jirgi ya ɗauka, amma a FOB har yanzu asararta taka ce. Duk da haka an saba da FOB, masu saye na waje sun saba, bankuna sun saba, ana ta tafiya a haka.

Nan ne nake ganin ajin jami'a ya kamata ya fi kasuwa amfani, amma sau da yawa ba haka ake samu ba. Ana ba ɗalibai haruffa 11 su haddace, a jarrabawa a ce su lissafo su, shi ke nan an wuce. Wasu littattafan kuma daga Amurka suke, inda FOB ke da wata ma'ana ta cikin gida da ake amfani da ita har ga kayan mota da jirgin ƙasa, sai ɗalibi ya cakuɗa biyun bai sani ba. Abin takaicin shi ne Legas ba ta rasa abin koyarwa ba. Jami'ar Jihar Legas tana Ojo, maƙwabciyar kasuwar Alaba. Jami'ar Legas tana Akoka, ba nisa da Apapa. Ga sabuwar tashar Lekki da ta fara aiki a 2023. Lakcara zai iya kawo takardar lodin jirgi ta gaske, a goge sunaye, a raba wa ɗalibai su nemo inda haɗari ya canza hannu. Yaranmu da dama da ke waɗannan makarantu 'ya'yan 'yan kasuwa ne, kuma ranar da baffa zai miƙo waya ya ce, "Kai ɗan boko, duba min abin da mutumin nan ya rubuto," ba jerin haruffa yake nema ba. So yake a ce masa, "Baffa, idan ka sa hannu a haka, kuɗin ajiyar kwantena a tasha kai za ka biya."

Wajibi ne kuma a gaya wa ɗalibi abin da Incoterms ba su taɓa ba. Ba su faɗi lokacin da mallakar kaya ke komawa ga mai saye ba, ba su faɗi yadda za a biya kuɗi ba, ba su zaɓi kotun da za a je idan rigima ta tashi ba. Duk waɗannan sai an rubuta su daban a yarjejeniya. Kuma haruffan kaɗai ba su wadatar ba: a rubuta sunan tasha da shekarar bugun da aka dogara da shi, kamar "FOB Apapa, Lagos, Incoterms 2020". Idan aka rubuta "FOB Nigeria" kawai, mai saye na iya tura jirginsa tashar Onne ta Jihar Ribas, alhali kwantenarka tana Tin Can.