Adenomiyoz: kalmar da masu tallar magani suka mayar kansa (sankara)

Tun da na'urar eko, mai ɗaukar hoton cikin mutum, ta yawaita a Maraɗi, mata ke fitowa daga likita da takarda ɗauke da wannan doguwar kalma. Yanzu masu tallar magani a rediyo sun cafe ta, wai "sabuwar kansar mahaifa" ce, ga kwalba jikka kaza. Abin na ƙona mini rai.

Gwaggona ta zo da tata takardar ƙulle a bakin zane, har ta fara rabon kwanoninta. "Ɗiyata, duba mini, kwana nawa ya rage?" Na ce, "Haba Gwaggo, wa ya faɗa miki haka?"

Kalmar daga Girkanci take, wani likita Oskar Frankl ya raɗa ta a 1925, kuma "miyo" ɗin da ke tsakiyarta tsoka yake nufi, ba yawun baki ba. Shimfiɗar cikin mahaifa, wadda ke zubewa duk wata ta zama jinin haila, ita ce ke kutsawa cikin tsokar bangon. Can ma tana kumbura tana jini, ga shi babu mafita. Sai mahaifa ta yi girma, mara ta riƙa murɗawa, jini ya yawaita. An fi ganinta ga matan da suka haura 40 kuma suka haihu, takan lafa in haila ta ɗauke.

Ba fibrom ba ce kuma, ko da yake mu duk "ƙari" muke ce musu, kalmar da ta zama buhun zuba kowane ciwo. Fibrom dunƙule ne, kamar tsakuwa cikin dawo, ana iya tsince shi. Adenomiyoz kuwa yaji ne da aka riga aka kirɓa cikin dawon. Shi ya sa in magani ya gaza, wani lokaci sai an cire mahaifar.

To kansa fa? Adenomiyoz ba kansa ba ce. Kansa na iya tsirowa cikinta, amma da wuya ƙwarai, galibi bayan haila ta ɗauke. Muguntarta ɓuya: tana cikin tsoka, ko an kankaro shimfiɗar an gwada ana iya ganin lafiya lau. Don haka wadda ta ga jini bayan ta daina haila ta koma wurin lokotoro, kada ta tsaya ga kwalba. Kuma wannan kansar daban take da sankarar bakin mahaifa, wadda ƙwayar cutar da ake kira HPV ke haddasawa.

Gwaggo dai shekararta 46, tana shan maganin da aka rubuta mata. Jiya ta aika yaro ya karɓo mata kwanoninta.