Waiwaye: SDF daga Ntarinkon zuwa kashi ɗaya cikin ɗari

Da Majalisar Tsarin Mulki ta Kamaru ta karanta sakamakon zaɓen shugaban ƙasa na Oktoba 2025, hankalin mutanen Garwa da Marwa da Ngaundere duk yana kan mutum biyu: Paul Biya da aka ba kashi 53.66 cikin ɗari, da Isa Ciroma Bakari mai kashi 35.19. Ba kowa ne ya tsaya jin abin da Joshua Osih na jam'iyyar adawa ta SDF (Social Democratic Front) ya samu ba, domin bai kai ko kashi 2 ba. Amma dattijan da suka ga zaɓen 1992 sun san wannan adadi na 35, don SDF ce ta fara kawo shi.

Ranar 26 ga Mayu 1990 aka ƙaddamar da jam'iyyar a unguwar Ntarinkon ta Bamenda, garin da har yau ake kira Abakwa saboda zangon da Hausawa fatake suka kafa a can. A lokacin jam'iyya ɗaya ce tal a ƙasar, wato RDPC, kuma gwamnati ta hana taron. Jagoransu John Fru Ndi, mai kantin sayar da littattafai, ya ƙi janyewa. Jami'an tsaro suka buɗe wuta, mutum 6 suka mutu. Kafin shekarar ta ƙare, a watan Disamba, aka sa hannu kan dokar da ta halatta jam'iyyu da yawa. A 1991 aka shiga yajin rufe garuruwa, kasuwa ba ciniki, tasha ba mota, kuma Arewa ma ta ɗanɗana.

A takarda SDF jam'iyyar dimokuraɗiyya ce mai neman gwamnati ta tallafi talaka, tana cikin ƙungiyar jam'iyyun gurguzu masu sassauci ta duniya, tana kuma kiran a koma tsarin tarayya. A kan titi kuwa ba wanda yake karanta manufa. Abin da mutane suka riƙe shi ne dunƙulallen hannu a sama, da kirarin mulki na jama'a, da Turancin buroka da Fru Ndi yake jawabi da shi, har aka mayar da haruffan jam'iyyar "Sofa Don Finish", wato wahala ta ƙare.

Tuntuɓen farko ya zo a Maris 1992, da SDF ta ƙaurace wa zaɓen majalisar dokoki. Cikin kujeru 180 RDPC ta tashi da 88, ba ta kai rinjaye ba. UNDP ta Bello Buba Maigari ta kwashi 68, UPC 18, sai MDR ta Dakole Daisala 6. Waɗannan kujeru shida na Arewa Mai Nisa su ne Biya ya jingina da su ya kafa gwamnati. A lardin Arewa maso Yamma, gidan SDF, ƙauracewar ta bar wa RDPC fili. Ko ɗan firamare zai iya wannan lissafi: da SDF ta shiga, da wuya jam'iyya mai mulki ta riƙe majalisar.

Wata bakwai bayan nan, ranar 11 ga Oktoba, aka yi zaɓen shugaban ƙasa. Biya kashi 39.98, Fru Ndi 35.97, Bello Buba 19.22. Zaɓen Kamaru zagaye ɗaya ne, wanda ya fi ko da ƙuri'a ɗaya ya ci. Fru Ndi ya ce shi ya yi nasara aka ƙwace, aka sa dokar ta-ɓaci a Arewa maso Yamma, aka tsare shi a gidansa. Masu sa ido na waje ma sun ce an tafka maguɗi. To amma ko a alƙaluman gwamnati, in aka haɗa na biyu da na uku sun haura kashi 55.

Nan ne labarin ya shafe mu 'yan Arewacin Kamaru. Arewa tana da nata ciwon a lokacin: tunawa da Ahmadu Ahijo ɗan Garwa wanda ya rasu a Dakar a 1989, da abin da ya biyo bayan yunƙurin juyin mulki na 6 ga Afrilu 1984, lokacin da aka kashe wasu 'yan Arewa aka ɗaure wasu shekaru. Bello Buba, tsohon firayim minista da ya dawo daga gudun hijira a Najeriya, shi ne ya ɗauki wannan kaya. Fru Ndi yana magana ne da ciwon masu Turancin Ingilishi da na 'yan kasuwar Yamma da Duwala. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. A nawa ganin SDF ba ta taɓa yin aikin shiga Arewa da gaske ba. Takan zo yawon kamfe ta cika fili, ta koma, ba ta bar saiwa a unguwa ko a fadar lamido ba.

Shekarar 1997 ce ƙololuwarta a majalisa: kujeru 43, ta ture UNDP da ta faɗo zuwa 13. Jam'iyyun biyu suka haɗu suka ƙaurace wa zaɓen shugaban ƙasa na Oktoba, Biya ya wuce da fiye da kashi 92. Kafin shekarar ta fita Bello Buba ya karɓi kujerar minista, aka raba gari. Daga nan sai gangara: kujeru 22 a 2002, 16 a 2007, ɗan farfaɗowa zuwa 18 a 2013. Fru Ndi ya samu kashi 17 a zaɓen 2004, kusan 11 a 2011. A cikin gida kuma akwai sashe na 8.2 na kundin jam'iyyar, wanda aka riƙa korar duk wanda ya ɗaga kai da shi, har ya zama abin ba'a a bakin 'yan jarida.

Abin dariya, kujerun da SDF ta fi tunƙaho da su a Arewa sun zo ne ta bayan gida. A zaɓen majalisar dattawa na farko, Afrilu 2013, kansiloli ne masu jefa ƙuri'a. An soke jerin 'yan takarar RDPC a Adamawa da lardin Yamma, sai kansilolinta suka zuba wa SDF ƙuri'a, ta samu sanatoci 14, bakwai daga cikinsu na Adamawa. UNDP, wadda take ganin Ngaundere gidanta ne, ta tashi hannu rabbana. A ranar kuma Fru Ndi da kansa ya faɗi a Arewa maso Yamma. Masu cewa tsohon ya fara cin tuwo da gwamnati suka samu abin faɗa.

Rikicin yankin masu Turancin Ingilishi da ya tashi a ƙarshen 2016 shi ya ƙarasa ta. 'Yan aware sun ɗauki mai kiran tarayya a matsayin maci amana, gwamnati kuma ba ta saurare shi ba. Sau biyu 'yan bindiga suka sace Fru Ndi a 2019. Masu zaɓen jam'iyyar sun gudu ko sun kulle kansu a gida ranar zaɓe. A 2018 Osih ya zo na huɗu da kashi 3.35, Maurice Kamto ya gaji kujerar babban ɗan adawa. A 2020 kujeru 5 kacal SDF ta samu, UNDP 7, FSNC ta Ciroma 3.

Fru Ndi ya rasu a Yawunde ranar 12 ga Yuni 2023 yana da shekara 81, bayan ya shugabanci jam'iyyar shekara 33. Watanni kaɗan kafin nan an kori Jean-Michel Nintcheu, ɗan majalisarta na Duwala, da wasu jiga-jigai da wannan sashe na 8.2. A Oktoba aka zaɓi Osih ya gaje shi. Shekara biyu bayan haka, garuruwan da suka ɗaga hannu wa Fru Ndi a 1992, irin su Duwala da Bafusam, suka ba Ciroma ɗan Garwa ƙuri'arsu, mutumin da ya yi shekaru yana kakakin gwamnatin Biya kuma bai ajiye muƙamin minista ba sai a watan Yunin shekarar zaɓen.