Waiwaye: Yadda shayi ya shigo wasannin RPG

A wasannin RPG, inda ɗan wasa ke shiga rigar wani jarumi ya yi ta fafutuka, kwalbar magani ce abin sha na farko. Tun wasan tebur na Dungeons & Dragons na 1974, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka ƙirƙiro, ƙa'idar ita ce a sare ka, ka kurɓa, ka miƙe. Shayi bai samu gurbi da wuri ba, don ba wanda zai yarda cewa kofi ɗaya zai ɗinke saran takobi.

Da ya shigo, wani aiki aka ba shi daban. A wasan bidiyo na Paper Mario na 2000, kana kai wa mai girki Tayce T. ganyen Koopa ta dafa maka shayi, ya mayar maka da maki 7 na ƙarfin da ake yin dabarun faɗa da shi. World of Warcraft na 2004 ya bi wannan sawu da Thistle Tea, wanda ake haɗawa da wani tsiro mai suna Swiftthistle da ruwan marmaro. Jarumai masu kai farmaki a ɓoye aka yi wa shi, kuma kurɓi ɗaya na dawo da kuzari 100 nan take a tsakiyar artabu. Magani na jini, shayi na kuzari.

RuneScape ya fi kowa wahalar da mai son shayi. Ganyen tsiron nettle da ake shayin da shi yana da ƙaiƙayi, in ka tsinko ba safar hannu sai ya ji maka ciwo. Daga nan ka jiƙa shi a kwanon ruwa, ka ɗora a wuta, kuma sai gwanintarka ta girki ta kai mataki na 20. Mai ƙiwa kuwa yana iya zuwa birnin Varrock na cikin wasan ya saci kofi a teburin mai sayarwa, abin da ni ma na fi yi.

A ganina, Stardew Valley na Eric Barone ne ya gane cewa ainihin kuɗin shayi jira ne. A sabuntawar wasan mai lamba 1.4 ta 2019 aka kawo shayin. Sai ka ƙulla zumunci da Caroline, wata mazauniyar garin da ke cikin wasan, kafin ta aiko maka da yadda ake haɗa dashen shayin: irin daji 2, zare 5, itace 5. Dashen na ɗaukar kwana 20 kafin ya girma, kuma ba ya ba da ganye sai a makon ƙarshe na yanayi. Ka zuba ganyen a ganga, ka ƙara jiran awa 3 na cikin wasa, sannan koren shayi ya fito.

Amma 'yan wasa ba su da wannan haƙurin. Sun lura dashen kansa ana sayar da shi zinare 500, alhali kayan haɗinsa kusan a banza ake tsinto su. Sai aka bar shuka, aka koma ƙera dashe bila adadin ana kaiwa kasuwa, ba a ko ɗora ganga ba. A sabuntawar 1.6 ta 2024 Barone ya zaftare farashin zuwa 250.