Kuɗin ƙananan hukumomi: ina hukuncin Kotun Ƙoli ya tsaya?

Tun ranar 11 ga Yulin 2024 da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci kan kuɗin ƙananan hukumomi 774 na Najeriya, maganganu ke yawo a majalisu da WhatsApp. Wasu na cewa an soke asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi daga kundin tsarin mulki, wasu na cewa INEC ce za ta riƙa shirya zaɓen ciyamomi, malaman firamare kuma hankalinsu ya tashi kan albashi. Yawancin waɗannan ba su cikin hukuncin.

Antoni Janar na Tarayya, Lateef Fagbemi, ne ya kai jihohi 36 ƙara, Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta hukuncin. Kotun ta ce kason ƙananan hukumomi daga asusun tarayya, wato kashi 20.60 cikin 100, a riƙa tura musu kai tsaye. Ta ce gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi, kuma ƙaramar hukumar da kantoma ke riƙe da ita ba za a ba ta kuɗin ba. Hukuncin ya shafi kowace ƙaramar hukuma, ta birni da ta karkara.

Inda ake rikicewa shi ne sashe na 162(6) na kundin 1999. Sashen ya ce kowace jiha ta buɗe asusun haɗin gwiwa da ƙananan hukumominta, kuma har yau yana nan daram, domin kotu ba ta goge sashen kundi. Wannan aikin Majalisar Tarayya ne tare da amincewar kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi. Abin da alƙalan suka yi fassara ce: manufar asusun ita ce kuɗi su isa ga ƙaramar hukuma, to tunda jihohi sun mayar da shi wurin riƙe kuɗin, adalci shi ne a biya kai tsaye.

Sai dai sashe na 7 ya bar wa majalisar dokokin jiha ikon yin doka kan tsari da kuɗin ƙananan hukumomi. Ta wannan ƙofa Jihar Anambra ta bi a Oktoban 2024, ta yi dokar da ta wajabta wa ƙananan hukumominta zuba wani kaso a asusun da jiha ke kula da shi. Zaɓe ma yana hannun hukumar zaɓe ta jiha, wadda gwamna ke naɗa mambobinta. A ganina nan ne raunin yake, domin ciyaman da gwamna ya ɗora ba zai iya kallon idonsa ya ce a'a ba.

Albashin malamai kuwa, hukuncin bai soke haƙƙin kowa ba. Fargabar tana da tushe, don dattawan malamai ba su manta da shekarun da suka yi wata da watanni ba albashi a hannun ƙananan hukumomi ba. Abin da ya kamata ƙungiyarsu ta matsa a kai shi ne rubutaccen tsarin wanda zai biya da ranar biya.

Ga wani abu da ciyamomi ya kamata su sani. Rigar kariya ta sashe na 308 ta rufe shugaban ƙasa da mataimakinsa, da gwamna da mataimakinsa ne kawai. Ciyaman ba ya ciki. Idan kuɗi suka shigo asusunsa, ya sa hannu aka fitar da su zuwa inda bai dace ba, EFCC ko ICPC za su iya gurfanar da shi yana kan kujera, kuma cewa umarni ne daga sama ba zai wanke shi ba. Haka ma'aji da duk wanda ya sa hannu a takardar biya.

Kuɗin kuma ba su ne ƙarshen aiki ba. Jadawali na huɗu na kundin ya ɗora wa ƙaramar hukuma kwashe shara, gyaran magudanan ruwa, kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, rajistar haihuwa da mutuwa, har da sanya wa tituna suna da gidaje lamba. Ka shiga sakatariya da hantsi ka ga ofishin ayyuka a kulle, motar shara ta kwanta kan duwatsu tayoyinta sun sace, takardun haraji na cikin kwali ƙura ta rufe su. Ƙaramar hukumar da ke cikin birni mai cunkoso tana buƙatar injiniya, da akanta mai horo, da duba-gari da ke fita unguwa, da rajistar shaguna da za a iya dogara da ita wajen tara haraji. Kotu ba ta yi magana kan ɗaukar waɗannan ma'aikata ko horar da su ba, kuma manyan ma'aikatan har yanzu hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha ce ke ɗaukarsu, ita ke yi musu canjin wurin aiki.